Abin da Malam Ya Kasa Rabawa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Rahinatu, Allah Ya jiƙanta. Malamar kwamfuta ce a wata kwaleji a nan Tamale, ni kuwa yayanta, malamin firamare mai ritaya, wanda har yau sai an taya shi nemo lamba a waya. Ta sha yi mini dariya a kan haka, ni ma na sha tsokanarta cewa aikinta zama ne kawai a gaban akwati mai haske.

Ɗalibanta suna koyon sana'a ne ta hanyar sa hannu a buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda masu su suka bari a fili, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Akwai wata manhaja da makaranta ke amfani da ita don ganin wane ɗalibi ne ya yi aiki, a ba shi maki. To amma a Tamale ɗalibai huɗu kan taru a kan laftof guda. Su yi gumi tare, manhajar ta rubuta sunan mai laftof kaɗai, sauran su tashi a matsayin malalata. Wannan abu ya hana Rahinatu sukuni. Sai ta zauna ta ƙera tata, wadda ke tambayar duk mai aika aiki su wa ya zauna da su, kuma take ganin wanda ya gano kuskure da wanda ya fassara bayani zuwa Dagbanci. Da ta gama, ita ma ta sake ta a fili.

Ban san girman abin ba sai ranar rabon gado a gidanmu na Kaladan. Rahinatu ta bar 'ya ɗaya, Nafisa, wadda mahaifinta ya riga ya rasu. Baffan yarinyar, Alhaji Issaka na Dabokpa, ya ji labarin cewa makarantu a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba suna amfani da manhajar. Ya ce lallai dukiya ce, a rufe ta, duk mai so ya biya. Kada a yi masa mummunar fahimta, ba kwaɗayi ne ya sa shi ba. Mutum ne da ke rawar jiki in an ambaci haƙƙin maraya, ni ma da ya faɗa sai na fara shakka.

Malamin da ke rabon ya sa aka kira Fuseina, ɗalibar marigayiya, Badagomba ce, Hausarta ba ta raba namiji da mace. Ya tambaye ta ko abin na sayarwa ne.

“Malam, Madam ya ba kowa tun yana da rai,” in ji ta. “Ko kun kulle na nan, kwafinsa ya riga ya tafi ko'ina. In ni na ɗauka, naka bai rage ba.”

Malam ya ce ya raba gidaje, ya raba shanu, amma bai taɓa ganin abin da ake ɗauka bai ragu ba. Daga nan ya yanke cewa kyautar da mutum ya bayar da ransa, aka kuma karɓa, ba ta shiga gado. Ya juyo gare ni, tunda ni zan riƙe Nafisa, ya tambaya ko na gamsu. Na ce na gamsu. Bakina ne ya faɗa, amma zuciyata ta daɗe tana tambaya ko mun bar abincin marainiya a bakin hanya.

Yau Fuseina ce ke kula da manhajar tare da mutanen da ba ta taɓa gani ba. Takan nuna mini yadda wani daga can wata nahiya ya gyara layin da Rahinatu ta rubuta a ɗakinta, fanka tana ƙara, wuta tana ɗaukewa. Wallahi abin yana ba ni tsoro da sha'awa a lokaci guda. Nakan ce da Rahinatu za ta dawo ta ga yanzu na'ura ce ke rubuta wa wasu ɗalibai aikin, me za ta yi? Na san ta. Za ta yi tsaki, ta ɗaura ɗankwali, ta zauna neman yadda za a gane wanda ya fahimta da wanda ya kwafa.

Da azumin bana Nafisa ta samu gurbin karatu, sai na ga lokaci ya yi. Na zaunar da ita na ba ta labarin ranar rabon gado duka, da maganar baffanta, da amsar da na bayar a madadinta tana ƙarama. Na ce in tana ganin an tauye ta, ta faɗa mini tun ina raye.

Ta ɗauki wayarta ta yi ta latsawa, har na fara tunanin ranta ne ya ɓaci. Can sai ta miƙo mini. Aikin mahaifiyarta ne, tun daga layin farko, ta sauke shi gaba ɗaya.

“Kawu, ga rabona,” ta ce. “Da an raba, rabi zan samu. Yanzu duka na ɗauka.”