Irin da Baba Ya Hana a Soya

Da tashin hankali ya raba Baba da gonarsa ta bayan Khaddamari, abin da ya iso da shi gidan aurena a Lamisula bai wuce buta da wani ƙulli a aljihu ba. Na ɗauka laya ce. Ashe irin furen rana ne, wanda yake shukawa a bakin gona tun ina yarinya.

Tsakar gidana ko akuya biyu ba za ta ɗauka ba, amma sai da ya tone gindin katanga ya jera rami tara. Ni kuwa bakina ba ya shiru.

"Baba, to ni a ina zan yi shanya?"

"Iri in ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi," in ji shi. "Ara mini wurin, 'yata. Damina ɗaya ce, sai in koma."

Damina ɗayar nan ta zama biyar. Kowace shekara furannin su zarce katanga, ya yayyaga tsohon gidan sauro ya ɗaure musu kai saboda tsuntsaye. In ƙeyarsu ta yi ruwan ƙasa ya yanke, ya shanya a kan kwano, ya murje da totuwar masara. Ni ce mai jiƙawa a ruwan gishiri, in soya da yashi kamar gyaɗa. Amma kan da ya fi girma ba a taɓa shi. Irinsa na gona ne, yana cikin gwangwani a ƙarƙashin gadonsa. Har tsiya nake masa, in ce gwangwanin ya fi mu gata.

A shekara ta biyar gwiwoyinsa suka ƙi. Wata rana da hantsi ya turo mini gwangwanin da ƙafa.

"Soya wannan ma."

"Baba, na gona ne fa."

"Na sani. Soya."

Nan na gane ya cire rai da komawa. Raina ya ɓaci, kuma ba da shi nake fushi ba. Shekara biyar ina mitar wurin shanya, ban taɓa lura cewa ramukan nan tara su ke riƙe da shi ba. Kafin in zuba a ruwan gishiri na damƙi cikin hannu guda, na ƙulle a bakin zane.

Da na kawo masa a faranti, ya daɗe yana kallo. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana auna iri da ido ba a yi masa ƙwange. Ya fasa ƙwaya ɗaya da haƙori, ya tofar da ɓawon, bai dube ni ba.

"Kada ki bar shi a zane," ya ce. "Zufa na kashe shi. Mayar da shi gwangwani."