Maɓallin da Usta Haruna ya ba ni in kai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina kan tsani a wani masauki a unguwar Misfala, nan Makka, ina kwance na'urar sanyaya ɗaki, sai waya ta yi ƙara. Usta Haruna ya rasu bayan asuba, a asibiti.

Abokina Isiyaku ne ya kira ni. Shekara ɗaya da rabi rabona da jin muryarsa, alhali a tudu ɗaya muke zaune a unguwar Nakkasa. Ya ce za a yi masa salla a Harami bayan azahar, ya kashe wayar.

Na sauko na zauna a ƙasa. Sai na ga hannuna ya tafi aljihun gaba, inda wani maɓalli ruwan ƙasa yake tun wata huɗu da suka wuce. Saƙo ne Usta ya ba ni in kai wa Isiyaku, ban kai ba.

Bari in faɗa muku wane ne Usta, don da yawanku ba ku san shi ba.

Tela ne, Usta ake ce masa, wato gwanin sana'a, shagonsa yana wani lungu a unguwar Tandabawi. A nan Makka aka haife shi, kakanninsa ta Sudan suka biyo. Hausarsa da Larabcinsa a cakuɗe suke kamar shinkafa da wake, ba ka iya tsince ɗaya ka bar ɗaya.

Lokacin da na zo daga Kano ban san kowa ba, shi ya raka ni wajen takardun iƙama, wato izinin zama, ya yi mini tafinta. Jallabiyar da na fara saya ta yi mini yawa, ya rage ta yana dariya, wai da gani na yi niyyar yin ƙiba a Saudiyya.

Da na yi zazzaɓi, ya hau matakalar Nakkasa da ƙafarsa mai ciwo, ya kawo mini kunu a fulas.

Amma abin da ya haɗa mu sosai wasa ne. Na san wasunku za su yi dariya, ku yi, ni ma na yi a farko.

Duk Juma'a bayan la'asar yakan ja ƙofar shago rabi, ya share teburin yanka, ya zana taswira da allin tela: ga gari, ga kogi, ga kogo. Mu huɗu muke zama: Usta, ni, Isiyaku da wani abokinmu. Kowa yana da mutumin da ya ƙirƙira, kowane mutum kuma yana da maɓallinsa a kan teburin. Usta yana ba da labari, mu kuma muna faɗin abin da mutanenmu za su yi.

Wajen wani ɗan 'yar'uwarsa a Jidda ya fara ganin irin wasan. Ya ce dokokinsu ba su yi masa ba, ya zauna ya rubuta nasa da ajami a bayan littafin awo.

Bai yarda da dayis irin na ludo ba, ya ce ba ya son abin da malamai suka yi magana a kansa ya shigo masa shago. Ƙwallayen dabino ashirin ya rubuta wa lamba, ya zuba a wata tsohuwar hula. In za ka yi abu mai wuya sai ka zura hannu ka ɗauko. Babbar lamba ka dace, ƙarama ka shiga uku.

Na san akwai masu shirin rubuta mini wa'azi a ƙasan wannan rubutu. Ku ɗan dakata. Usta ya riga ku tunani.

A wasan waɗancan mutanen, masu bautar allolin kirki suna samun baiwa, masu bautar miyagu ma suna samu. Usta ya soke na farkon gaba ɗaya. Ya ce shi ba zai ɗora sunan Allah a kan teburin wasa ba, ba kuma zai ƙirƙiro wani abin bauta ya ce na kirki ne ba. Saboda haka a duniyarsa mutanen kirki ba su da wata baiwa. Igiya ce da su, da wuƙa, da hankali, da junansu.

Masu bin gunki kaɗai ke da baiwa. Gunkin kuwa sunansa Uban Toka, kuma tun ranar farko Usta ya gaya mana maƙaryaci ne.

To ku cinka wa ya ce shi bokan Uban Toka zai zama.

Ni ne. Ni mutum ne da ba na son a ci ni, ko a ludo. Na duba na ga bokan yana hura toka maƙiya su makance, yana ruɓar da guzurin rundunar da ke bin mu, yana sa ƙarfe ya yi tsatsa a hannun mai shi. Sauran suna fama da igiya, ni ina zaune ina kaɗa ƙafa. Na ɗauki wani baƙin maɓallin kwat mai sheƙi na ce shi ne ni.

Usta bai hana ni ba. Ya dai ce, “Gunki ba shi da abin kansa, ya Nura. Duk abin da ya ba ka, a wajen wani ya ɗauko.”

Na ce to, na ji, a ci gaba.

Babbar baiwar bokan ita ce Juye. In an ji maka ciwo, kana iya sauke shi a kan wani daga cikin abokan tafiyarka, kai ka tashi garau. Amma Usta ya sa mata sharaɗi, ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa. Ba a nunawa da yatsa, ba a rubutawa a takarda. Sai ka dubi mai shi ido da ido, ka faɗi sunan mutuminsa da bakinka.

Shekara biyu ban taɓa amfani da ita ba. Ba don kirki ba, buƙatar ce ba ta taso ba.

Isiyaku ɗan Maraɗi ne, aikin gini yake yi. Mutuminsa a wasan maginin rijiya ne, ya sa masa suna Mamman Mai Rijiya. Dukanmu mun san sunan mahaifinsa ne, sana'ar ma ta mahaifinsa ce, kuma mun san tsohon ya rasu Isiyaku yana nan bai samu zuwa ba. Ba mu taɓa yin maganar ba. In Mamman zai yi magana a wasa, Isiyaku kan sauya murya, ya yi ta a hankali irin ta dattawa.

Ranar da abin ya faru, muna cikin wani kogo a labarin, mun samo akwatin da muka yi wata uku muna nema. Aka sari bokana. Na zura hannu a hula na ɗauko biyu. Usta ya ce bokan ba zai iya tafiya ba.

Sauran suka ce a ajiye akwatin, su ɗauke ni a kafaɗa. Isiyaku ne ma ya fara faɗa, da muryar tsohon.

Ni kuwa idona yana kan akwatin. Na ce zan yi Juye.

Sau uku Usta ya tambaye ni ko na tabbata. Ban taɓa jin ya maimaita tambaya a wasa ba sai ran nan.

Na dubi Isiyaku, ina dariya, na ce Mamman Mai Rijiya. Na zaɓe shi ne don shi ya fi kowa ƙarfi, na ɗauka zai jure.

Isiyaku ya zura hannu a hula. Ɗaya ya ɗauko.

Usta ya miƙa hannu ya kwantar da maɓallin Mamman, kamar yadda yake yi wa duk wanda ya mutu a labari. Isiyaku ya tashi ya sa takalmi. Bai yi faɗa ba, sallama ma ya yi mana kafin ya fita.

Maimakon in bi shi, sai na juya kan Usta. Na ce ai wasa ne, kuma labarin nasa ne, da ya so da ya ce wani mai magani ya ɓullo daga bayan dutse. Ya ci gaba da tattara ƙwallayen dabino, ya ce, “Ba ni na faɗi sunan ba.”

Daga ranar wasa ya tsaya. Usta ya ce ba zai ci gaba da labarin ba sai mu huɗu mun cika. Ni kuma na yi zuciya, na rage zuwa shagon. In na hango Isiyaku a matakala sai in tsaya duba waya har ya wuce. Babban mutum da ni, da gemu.

Kunya ce, ba komai ba. Kullum in ce gobe, goben kuma sai ta ƙara nauyi.

Haɗuwata ta ƙarshe da Usta wata huɗu ke nan. Wandon aikina ya yage, na kai masa, ko da yake akwai tela a ƙofar gidanmu. Na tarar ya rame, ciwon suga ya ci shi, ƙafarsa a kumbure a kan fedar keken ɗinki. Bai yi mini ƙorafin ɓacewata ba. Ya tura aka kawo shayi, ya ɗinke wandon, ya yi mini tsiyar cewa ƙibar da na yi niyya ta iso.

Da zan tafi ya buɗe gwangwanin da yake ajiye maɓallanmu. Na lura baƙin nawa ba ya ciki. Na ɗauka ya jefar da shi, ban kuma ga laifinsa ba.

Ya ɗauko na Mamman ya sa mini a tafin hannu, ya ce in kai wa mai shi. Na ce in na je me zan ce masa.

Ya ce, “Kai da ka iya faɗin suna a gaban mutane, sallama ce za ta gagare ka? Yalla, ƙanena.”

Na ce insha Allahu wannan satin.

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na yi masa a duniya, kuma ban cika ta ba. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai.

Ɗazu muka yi masa salla. Jama'a ba iyaka, yawancinsu ba su san sunansa ba, sun dai ji an ce salla ga mamaci sun miƙe. Da yana nan da ya ce shi tela ne, wannan taro ya yi masa yawa.

A maƙabarta, bayan an gama, na hango Isiyaku a jikin katanga, inda 'yar inuwa take. Na tafi wajensa. Na yi sallama, ya amsa.

Na fito da maɓallin. Na ce Usta ne ya ba ni in kawo masa, tun wata huɗu. Na ce abin da na yi ran nan ban kyauta ba, na san sunan wa na faɗa, ya yafe mini.

Ya daɗe yana kallon hannuna. Sannan ya zura nasa a aljihu, ya buɗe.

Baƙin maɓallina ne.

Ya ce, “Ni wata shidda ke nan da ya ba ni. Kullum sai in ce gobe.”

Ashe kowannenmu ya aika, ya zauna a shago yana jira ya ga wa zai fara isa. Har ya tafi ba wanda ya isa.

Muka yi musaya a tsaye, ba mai iya kallon wani. Isiyaku ya goge fuska da hannun riga, ya tambaye ni ko na ci abinci. Na ce a'a. Muka sauko tare.

Jibi Juma'a, bayan la'asar za mu je gaishe da iyalinsa, mu biyu.

Ya Allah Ka ji ƙan bawanKa Haruna. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Yadda ya yi ta ƙoƙarin haɗa mu, Ka haɗa shi da mutanen kirki a Aljanna. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi wa Usta addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, saƙonsa ya isa a makare.