Man Dija da Motar Kumandan

Dija Bafulatana ce daga rugagen Kurfai, kuma a kasuwar Filinge ba a ja da man shanunta. Ba a ja da bakinta ma. Ranar da motar kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ta fara shigowa gari, kowa ya watse, ita ko ta tsaya tana zagin ta don ta tsorata mata jaki.

Amma daga baya ta sauko. Kafin motar, duk kayan Bature a kai ake kai su Yamai, gardi, wato dogarin kumandan, ya zo ya nuna samarin da za su ɗauka da bulala. Ɗanta Manu kuwa ya isa nuni. Muddin mota na tafiya, kansa ya huta.

Da shekaru suka ja, sai ƙarfen da ke riƙe ƙafafun bayan motar ya soma kuka, tun daga bayan gari ake jin sa. Kailu direba, wani Bazabarme mai yawan surutu, ya zo ya tsuguna gaban ƙwaryar Dija.

"Inna, rulma ta cinye, maiko ya ƙare. Ki saida mini mai."

"Mi ar rulma?"

"'Yan duwatsun ƙarhe da ƙahwa ka juyawa bisansu. In sun bushe, mota ta kwanta."

"In ta kwanta hwa, wa ka ɗaukar kaya?"

Ta tura masa ƙwaryar duka.

Daga nan kowace ranar kasuwa mota sai ta sha mai. Karnukan gari suka riƙa bin ta suna lasar ƙafa, mata na tsokanar Dija wai ta yi suruka mai hayaƙi. Tana ramawa, tana ƙarawa. Ni dai ban taɓa jin an yi wa ƙarfe gata irin wannan ba, kuma kukan ya ɗan lafa, har damina ta wuce.

To, mai ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace. Ƙarfen ya karye a yashin Baleyara, kan hanyar Yamai. Aka ce akwai sabo a Yamai, sai dai ba abin da zai kawo shi in ba mutane ba. Gardi ya shigo kasuwa yana nuni, bulalar ta tsaya kan Manu.

Ɗan fari ne, saboda kunya bakin Dija bai taɓa kama sunansa ba. Da aka kora su hanya, kasuwa duka ta ji ta tana ƙwala masa kira: "Manu!"