Malam Mode, Mai Jinyar Manhajar Rigakafi

Da an idar da sallar asuba a Wurno kowa zai kama gabansa, mai albasa ya nufi fadama, ɗan kabu-kabu ya tayar da mashin. Malam Mode kuwa shagonsa yake komawa, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa, ya zauna shi kaɗai yana jiran waya. Ba ta gaisuwa ba. Bawan Allahn nan ba mai kiransa sai abu ya lalace.

A unguwa mai gyaran kwamfuta ake ce masa, har ya gaji da gyara wa mutane zance. Alhali shi ya rubuta manhajar da wasu ƙananan asibitocin karkara tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo ke rajistar yaran rigakafi da ita, irin wadda ke zaune cikin kwamfutar, ba ruwanta da sabis. Shekara da shekaru shi ke jinyarta. In an ɗauke wuta ana cikin adana bayani, shi ne. In agogon kwamfuta ya rikice har manhaja ta ce jaririn da ke tsala kuka a wurin ba a haife shi ba tukuna, shi ne dai.

Mashkura, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙauye wajen Rabah, ta ba da labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. A asibitinsu, kusan duk ranar allura sai manhajar ta rufe kanta ɗif ana cikin aiki. Kafin a tayar da ita rana ta take, matan da suka tako daga rugage masu nisa sun saɓa goyo sun juya. Wasu ba sa dawowa. Ga ƙyanda ta fara yawo a yankin.

"Malam, don Allah ka taho," in ji ta a waya. "Ɗiyan mutane na komawa gida ba allura."

Ya gwada manhajar a shagonsa ta kowace fuska, lafiya lau take aiki. Abin ya hana shi sukuni, kuma duk faɗin garin ba wanda zai zauna da shi su yi shawara. Sai ya hau mashin ya tafi. Bai taɓa kwamfutar ba. Benci ya samu a gefe ya zauna kamar mai jiran layi, yana kallon hannun Mashkura. Ranar farko ba abin da ya gani. Mako ya zagayo ya sake komawa.

Can sai ga wata matashiyar Bafulatana, Turai, da jariri a kafaɗa.

"Mi sunanai?" Mashkura ta tambaye ta.

Turai ta sunkuyar da kai, ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Ɗan fari ne, ina za ta iya kama sunansa? Mashkura ta yi murmushi, don ita ma ta san kunya, ta tsallake gurbin suna ta danna gaba. Nan take allo ya yi baƙi.

"Ashe nan matsalar take!" Malam Mode ya miƙe tsaye har hularsa ta faɗi.

Manhajar ba ta san a bar gurbin suna fanko ba. Wani zai ce a tilasta wa uwa ta faɗa. Shi bai yi haka ba. A kan bencin nan ya gyara ta yadda za ta karɓi yaro da sunan uwarsa da rugarsu, sunansa kuwa in kaka ko goggo ta zo ta faɗa. Turai ba ta bar wurin ba sai da aka yi wa ɗanta allura.

Ya dawo Wurno zuciyarsa fal. A majalisa ya fara ba da labari, bai kai rabi ba wani ya miƙo masa waya.

"Madalla, Malam. Duba min wagga, ba ta ɗaukar caji."

Ya karɓa ya duba. Wallahi wannan ya fi komai sosa mini rai.

Malam Mode, kai ne ka rusuna wa kunyar iyayenmu mata, ka sa na'ura ta rusuna tare da kai. Yaran da ka tsare ba su san sunanka ba, uwayensu ma ba su sani ba. Yanzu ido ya fara yi maka hazo, ka ce bana za ka ajiye, kuma har yau ba wanda ya zauna kusa da kai ya koyi cikin manhajar nan.

Mun gode, Malam. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idonka haske. Ku kuma samari da 'yan matanmu da kuka karanto kwamfuta, shagonsa a buɗe yake. Ku je ku gaishe shi tun abu bai lalace ba, ku ja kujera ku zauna. Akwai wata Turai da ke kan hanya da goyonta.