Hoton Baba da na kai gidan talabijin

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, dangi suka yanke cewa a sa sanarwar addu'ar arba'in a talabijin. Baba dillalin shanu ne a unguwar Farcha, abokan cinikinsa kuma sun warwatsu a gari, wasu ma ba su ji rasuwar ba. Tunda ni ne na yi makaranta a gidan, ni aka ɗora wa aikin. Aka ce in rubuta da Faransanci, harshen boko a ƙasarmu, in haɗa da hoto.

Matsalar ita ce Baba ba ya son hoto. Ko a biki ya hango mai kyamara, sai ya tuna bai yi alwala ba. Mahaifiyata tana takaba, ban so in dame ta da tambaya ba. Na buɗe jakar takardunsa ni kaɗai, na samu tsohon katin shaidarsa. Hoton baƙi da fari ne, hatimi ya cinye rabin kafaɗa. Na daɗe ina kallonsa, idona ya cika. A raina na ce ashe Baba ya yi kyau da ƙuruciya. Na kai shi haka nan.

Aka sa sanarwar bayan magariba. A unguwanninmu a lokacin, talabijin ɗaya ce ake fitarwa ƙofar gida, mutane su taru, janareta na ruri a gefe. Ba mai jin abin da ake faɗa, masu karanta Faransanci kuma kaɗan ne. Fuska kawai aka gani a filin sanarwar rasuwa.

Washegari da hantsi muna zaune a zaure sai ga Baffa, ƙanen Baba da ke zaune a unguwar Habbena, ya sauko daga kan babur yana haki.

"Ina ɗan bokon nan? Kai, zo nan. Yaushe na mutu?"

Na ce, "Baffa, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Tun asuba mata suka cika min gida da kuka. Na fito in ga me ya faru, wata ta jefar da kwanon kunu ta ruga. Mai shayin da nake zama wurinsa ya gan ni ya kama salati. Har wani ya fara tambayar matata wa za a bar wa rumfata!"

Na ɗauko katin na miƙa masa. Ya kai shi kusa da ido, ya nuna kunnen hagu.

"Wannan tsagar ta wa? Babanka ne bijimi ya yaga wa kunne, ko ni?"

Sai a lokacin na gan ta. Tsagar da na taso ina gani a kunnen Baffa, ga ta a fili. Na yi kwana biyu ina kuka a kan hoton mutumin da ke cin tuwo tare da mu.

Baffa ya zauna, ya sha ruwa, sannan ya ba da labari. Shekarar da aka matsa wa kowa ya yi kati, Baba ya ce shi ba zai bar kasuwa ya je ya tsaya gaban akwatin ɗaukar hoto kamar gunki ba. Ya ba Baffa hularsa, ya ce, "Je ka, ai uwa ɗaya ta haife mu." Da wannan katin Baba ya yi ta yawo har ya koma ga Allah, ba wanda ya taɓa tsayar da shi.

Dattawan zaure suka yi ta dariya suna goge ido. Tun ranar jana'iza ban ji dariya a gidan ba.

Amma dole a sake sanarwa, kuma ba hoto. Na shiga wurin mahaifiyata na durƙusa, na ce, "Inna, na yi ɓarna." Ta ce ta ji komai ta taga. Ta jawo akwatinta, ta zaro wani hoto daga cikin zannuwa.

Hoton wani farin bijimi ne mai manyan ƙaho, ya cika wurin duka. Ta ce Baba ne da kansa ya kira mai hoto, don bai taɓa sayar da sa irinsa ba. A can gefe, ga Baba riƙe da igiya, rabin jikinsa a waje, yana dariya har ana ganin giɓinsa.

"Ya ɗauka shi ba zai fito ba," in ji ta.

Mai hoton da na kai wa ya ce zai iya yanke san ya bar fuskar. Na koma na tambayi Inna. Ta ce, "Bar shi. In ka cire san, wa zai gane babanku?"

Haka aka sa shi. Ranar arba'in tabarmi suka kasa. Wani Bafulatani da ban taɓa gani ba ya riƙe hannuna ya ce bijimin ya fara ganewa, sannan ya duba mai igiyar. Baffa kuwa a bakin ƙofa ya zauna, kowa ya shigo sai ya miƙa masa hannu ya ce, "Taɓa ka ji, ina nan."

Yanzu Baffa ma ya rasu, kuma da aka nemi hotonsa ban sha wahala ba. Na Baba yana jikin bangon ɗakina. Baƙi kan tambaye ni me ya sa na rataye hoton bijimi. Nakan ce su matsa kusa, su duba gefen dama. Allah Ya jiƙansu duka biyun.