Yayen Shanun Zulkifilu

Da na dawo gida bayan shekarun karatu a nesa, ina da wani zato game da samarinmu masu shiga soja. Gani nake rashin abin yi ne ke kai su, kuma shirin tafiyar bai wuce gudun safe da ɗaga ƙarfe ba. Zulkifilu Usmanu, wani saurayi daga wani ƙauye a gefen Hunkuyi, shi ya sa na fara shakkar wannan zato, domin shi aiki ne ya yi masa yawa har ya kusa hana shi tafiya.

Zulkifilu dogo ne siriri, mai shiru a cikin mutane, mai surutu a cikin shanu. Gidansu suna da shanun huɗa biyu, Goje da Ɗanfari. Tun suna maruƙa mahaifinsa, Malam Usmanu, ya damƙa masa su. Shi ya sa musu igiyar hanci, shi ya fara ɗora musu karkiya, ya sa su jan gungume a bayan gari kafin su san garma. Har ta kai ba sa buƙatar mai ja a gaba. In ya yi fito su juya, in ya yi tsaki su tsaya. Da damina, bayan gonar gida, gonakin mutane yake bi yana huɗa, kuma da wannan ladan ake sayen taki da cefane.

Soja kuwa tun yana ƙarami take ransa. Ya nema a baya bai samu ba, ya sake nema. Bana ya tsallake gudu da awon likita, sunansa ya fito, aka ce ya bayyana a barikin horar da kurata da ke Zariya a farkon damina. Ya zo da labarin yana murmushi har kunne. Malam Usmanu ya saurare shi har ya gama, sannan ya gyara zama a kan buzunsa, domin bayansa ya daɗe yana ciwo.

"Ban hana ka ba," in ji shi. "Amma ka san ni da riƙon garma mun rabu. Idan ruwa ya sauka shanun nan ba su yi huɗa a hannun wani ba, ba zan sa maka albarka in bar gida da yunwa ba."

Zulkifilu bai yi musu ba. Ya san ba zai iya taka ƙofar bariki ba sai da albarkar mahaifinsa, ko da janar za a ba shi.

Wanda ya rage a gidan shi ne yayansa Hamisu, tela a kasuwar Hunkuyi, gajere mai ɗan tumbi, wanda rabonsa da gona tun yana makaranta. Ya yarda zai riƙa yin safiya a gona, ya buɗe shago da rana. Sai shirin Zulkifilu ya rabu biyu. Bayan sallar asuba ya ɗaura wani tsohon takalmin but da ya aro, ya bi hanyar burji da gudu tare da sauran samarin da aka ɗauka, har ƙafafunsa suka yi bororo suka fashe suka warke. In ya dawo, ya kora shanu zuwa fadama inda ƙasa ke da laushi, ya miƙa wa Hamisu garma.

"Yaya, sassauta hannu. Ba almakashi ba ne."

"Kai soja, ko kaki ba a ba ka ba ka fara ba ni oda?"

"To yi musu fito."

Hamisu ya yi fito. Goje ya kaɗa kunne ya ci gaba da tuƙa. Ya yi tsaki, Ɗanfari ya ja gefe, garma ta tsallake kunya ta kusa kayar da shi. Da Zulkifilu ya yi gyaran murya kawai, duka biyun suka miƙe sambal.

Haka aka yi ta yi. Wani maƙwabci ya ba da shawara a sa wa Hamisu rigar aikin Zulkifilu, wai shanu da hanci suke gane mutum. Rigar ta ƙi rufe cikin Hamisu, sai ya tafi da ita shago ya ƙara mata ƙyalle a gefe da gefe. Washegari ya fito da ita yana taƙama. Goje ya shinshina rigar sosai, sannan ya ɗaga kai ya dubi Zulkifilu da ke tsaye a bakin fadama da singileti, ya nufe shi, ya ja Ɗanfari da garma da Hamisu gaba ɗaya.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana wucewa. Zulkifilu ya rage cin abinci. Abokan gudunsa suna ta maganar bokiti da tocila da irin askin da za a yi musu, shi kuwa hankalinsa yana turke.

Mahaifiyarsu, Lantana, ita ta raba gardamar. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ji 'ya'yan nata suna ɗora wa juna laifi.

"Ni ban san huɗa ba," ta ce, "amma na yaye ku duka. Yaro ba ya yayuwa uwarsa na zaune a gabansa. Kai Zulkifilu, kai kake ba su dusa, kai kake ba su ruwa, sannan ka tsaya musu a kai kana cewa su bi wani. Gidan kaka ake kai yaro. Tunda ba za a kai shanu ba, kai za a kai."

"Inna, wa za a yaye ke nan, ni ko su?"

"Duk wanda ya fi kuka."

A ranar ya ɗaure kayansa ya hau babur zuwa Dandamisa, gidan kakarsa Ummuhani. Tsohuwar ta tarbe shi da tsokanar da ke tsakanin kaka da jika.

"Maigida, an sake koro min kai? Wancan karon da aka kawo ka yaye, sai da maƙwabta suka zo ba ni haƙuri."

Kwanakin farko sun yi masa nauyi. Ya yi gudunsa a hanyar da bai saba ba, ya jawo wa tsohuwa ruwa, ya faskara mata itace, sannan ya rasa abin yi da hannuwansa a lokacin ba shanu harawa. Ya kira Hamisu a waya.

"Yi magana a hankali," in ji Hamisu, "ina kusa da turke, kada su ji ka."

"Sun ci?"

"Ɗanfari ya taɓa. Goje ya ƙi, sai kuka yake yana kallon ƙofa."

Zulkifilu ya ajiye waya ya fara neman takalminsa. Ummuhani tana zaune tana ɓare gyaɗa, ba ta ko ɗaga kai ba.

"In ka koma yau, an koma farko. Kuma can barikin, in ka ji kewar saniya, katanga za ka haura?"

"Ba saniya ba ce, Kaka, sa ne."

"To sa. Zauna ka taya ni."

Ya zauna.

A can gida, da ba mai tsaya masa a kai, Hamisu ya daina kwaikwayon ƙanensa. Fiton dama bai iya ba. Ya riƙa dama dusa da kanwa yana ba su da hannunsa, ya zauna yana cire musu kaska da haƙurin mai warware ɗinki. Yana yi yana 'yan waƙe-waƙensa na cikin maƙogwaro, irin waɗanda yake yi a kan keken ɗinki. Magana kuma yake musu kamar masu kawo ɗinki. "Alhaji Goje, a ɗan matsa. Malam Ɗanfari, haƙuri, an kusa." Goje ya gaji da fushi ya sa baki a kwano. Bayan wasu kwanaki, in Hamisu ya shigo da waƙarsa, sai su miƙe tsaye.

Duk wannan a waya Zulkifilu yake ji, rabi yana murna, rabi bai yarda ba.

Ruwa ya sauka mai yawa, ƙasa ta jiƙa har ciki, saura 'yan kwanaki a shiga bariki. Malam Usmanu ya aika a kira Zulkifilu, da sharaɗin kada ya bi ta gida kuma kada ya buɗe baki. Suka tsaya su biyu a bayan wata ɗorawa a gefen gona, tsohon yana dogare da sanda. Hamisu ya ɗaura karkiya, ya kafa garma, ya yi bisimilla ya fara waƙarsa. Shanun suka taka. Kunyar farko ta fito a karkace. Hamisu ya tsaya a ƙarshenta ya kanne ido ɗaya yana dubawa, kamar yadda yake duba bakin riga, ya girgiza kai.

"Alhaji Goje, wannan ba za a karɓa ba. A sake."

Suka juyo. Ta biyu ta fi ta farko, ta uku ta miƙe. Tafiyar ba ta kai ta Zulkifilu sauri ba, amma ƙasa tana kifewa baƙa wuluk, kunya na bin kunya. Da suka zo daidai ɗorawar, Goje ya ɗan ɗaga hanci ya shaƙi iska. Zulkifilu ya ƙara laɓewa a bayan bishiyar. Hamisu ya ce, "A ci gaba, ranka ya daɗe," sai Goje ya sunkuyar da kai ya wuce.

Malam Usmanu ya bari sai da aka yi rabin gona, sannan ya dafa kafaɗar ɗansa.

"Ka je. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka."

Na sami Zulkifilu ana jibi zai tafi, yana zaune a zaure yana cusa ƙuli-ƙulin da Inna ta soya masa a cikin jaka. Bayan ya gama ba ni labarin, na tambaye shi ko ya ji daɗi a lokacin da Goje ya wuce bai waiwaye shi ba.

Ya yi dariya ya shafa kansa.

"Gaskiya, Malam, haushi na fara ji. Ni na rene shi fa. Sai da muka kamo hanyar gida na ji kafaɗuna sun yi sakayau. Ko gida ban shiga ba, na wuce wurin wanzami na ce ya kwashe gashin duka, kada in wahalar da na bariki."