Lambun da Ya Ƙi Yin Ja

Ɗiyar wana, wadda muke kira Shirwa, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, kuma abin da ya fi ba ni tsoro game da ita ke nan. Mu a danginmu in aka taɓa mu, mukan zazzage abin da ke cikinmu a tsakar gida, mu yi kuka, mu fyace majina, kafin rana ta faɗi mun manta. Ita kuwa sai ta dube ka, ta ce "to," ta ninke maganar ta ajiye a ƙasan akwati kamar zanen fita unguwa.

A lambun uwarta ta samo sunan. Innarsu tana da fili a bakin rafi, can bayan gari, da hannunta ta dasa mangwaro da gwaiba da lemo, da bokiti ta raine su har suka fi ƙarfin awaki. Yarinyar tun tana mitsitsiya take ɗarewa mangwaron da ya fi tsawo, ta zauna a reshe tana ba da rahoto. "Inna, akuyar mai wanki ta shigo ta kusurwar rafi." "Inna, bututun ruwa ya fashe." Ran nan ta ce, "Inna, ga Yaya can bayan famfo yana shan sigari." Ni dai a ganina daga wannan sigarin gabar ta fara.

Ta yi karatu, ta samu aiki a hukumar kula da muhalli. Ta yi aure kamar kowa, ta haifi 'ya'yanta, tana hawa motar haya da safe da jakarta a cinya. In ka gan ta a layi ba za ka ce wannan ce ke leƙen bayan gidan kowa ba. Na taɓa kai mata ziyara ofis, don in ga abin da ake biyan ta a kai. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firji, labule a sauke, kowa da rigar sanyi rataye a kujera, ga manyan allunan kwamfuta. A bakin taga akwai wata fulawa a gwangwani, ta bushe ƙayau. Na ce, "Ku ne masu gadin itatuwan duniya, ga guda ɗaya a hannunku kun kashe."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Akwai tauraron ɗan'adam da ke wucewa ta samanmu da hantsi, duk bayan 'yan kwanaki, yana ɗaukar hoton ƙasa. Da hotunan suke gane inda daji ke ja da baya, inda tafki ke ƙafewa, inda ƙasa ke ƙara zafi. Amma idonsa ba irin namu ba ne. Ganye mai rai yana mayar da wani haske da mu ba ma gani, shi kuwa yana gani, su kuma a na'urarsu sai su sa wa wannan hasken launin ja. Don haka a allonta gona mai kyau ja take fitowa jawur, ruwa baƙi, ƙasar da ba komai kuwa fari-fari kamar toka.

Na ce, "Wato Allah ya yi abu kore, ku kun ga bai yi muku ba."

Ta ce, "Gwaggo, kore ai kowa na iya shafawa. Wannan hasken sai ganye mai rai."

Sai ta matso da wani ɗan jan tabo a gefen baƙin zaren rafi. Lambun Innarsu ne. Ta ce duk ranar da sabon hoto ya sauka, nan take fara dubawa kafin ta taɓa aikin gwamnati, kamar mai gaida uwa da safe.

Yanzu bari in kawo muku wanta. Mai Bulo ake ce masa, don sana'arsa ke nan. Mutum ne mai tumbi da makullai da yawa, kuma tun da aka haife shi bai taɓa sauraron magana ta kai ƙarshe ba. Kana tsakiyar zance zai ɗaga hannu ya ce, "Ya isa, na gane." Likita ma haka yake yi masa. Bayan rasuwar wana, shi ya riƙe harkar gida. Da Innarsu ta faɗi ta karye a ƙugu aka kwantar da ita asibiti, sai ya lura yashin da ke ƙarƙashin lambun ya fi mangwaron da ke samansa tsada. Ya kawo masu injin yanka. Ya ce wa tsohuwa gyara ake yi.

Ba wanda ya gaya wa Shirwa. Da hantsi ta buɗe hoto don ta gaida lambu, ta tarar da toka. Abokan aikinta sun ce ta daɗe tana kallon allon, sannan ta tashi ta wanke kofin shayinta, ta dawo ta ci gaba da aiki. Da yamma ta kai wa uwarta abinci asibiti, tsohuwa na tambayar ko lemo ya fara fure, ita tana gyara mata matashi.

Ranar da aka sallame ta, Innarsu ta ce sai an bi da ita ta lambu. Ina cikin motar. Ta sa aka fito da ita, ta dogara sanda har kan wani kututture, ta zauna tana shafa shi. Tifa na shiga tana fita, yaran mota na ihu a matsa. Daga nan muka kai ta gida. Ba ta kuma ga damina ta gaba ba.

Bayan an yi mata sutura, Shirwa ta tare wanta a bakin ƙofa. "Yaya, da ka bar mata ko da wanda ta fara..."

"Ya isa, na gane."

Ta ce, "To."

Ni da na ji wannan "to" ɗin na san maganar ta shiga ƙasan akwati. Shi kuwa gogan naka ya kaɗa makullai ya wuce.

Shekaru suka shuɗe. Rafin da saiwoyi ke riƙe wa baki ya fara cin gaɓa, wata damina ya shiga gidajen mutane har ɗakin kwana. Hukuma ta farka daga barci, ta ce duk mai haƙar yashi a bakin ruwa sai ya mayar da itatuwa, in ba haka ba a ƙwace izininsa, filin ma a karɓe. Kuma ba za a aiko ma'aikaci ba, daga sama za a duba. Wannan ne ya dami Mai Bulo. Shi ya saba da masu zuwa dubawa: a ba su kujera a inuwa, a kawo lemon kwalba mai sanyi, a raka su har mota da 'yar gaisuwa. To tauraro a ina za ka ba shi kujera?

Sai ga shi gidan ƙanwarsa, inda rabonsa da zuwa har yaran sun manta kamanninsa. Na ci sa'a ina nan, ina tsinke zaren wani ɗinki.

"Auta, wannan abin naku na sama, yaushe zai zo ta wajena?"

"Laraba da hantsi, Yaya. Ba sirri ba ne, kowa na iya dubawa."

"Daga can sama ƙololuwa yake kallo, ko? Ba ya sauka?"

"Ba ya sauka. Amma Yaya, shi wannan abin, ba launin..."

Na rantse muku, ban taɓa jin ta ja magana a hankali kamar ranar ba. Kowace kalma sai da ta ba ta wurin zama. Jira take yi. Bai kuwa ba ta kunya ba.

"Ya isa, na gane."

Ta raka shi har mota, ta ce ya gaida gida. Washegari ta sami shugaban sashensu ta ce filin bakin rafi na wanta ne, a cire hannunta a ciki. Aka ba wani abokin aikinta, Mai Tabarau, mutumin da ko uwarsa ce ta sare itace sai ya rubuta.

Mai Bulo bai sayi dashe ko ɗaya ba. Dashe sai an jira shi, shi kuwa bai iya jira ba. Ya tafi wajen masu ƙawata ɗakin taro ya yi hayar duk ciyawar roba da ke garin, da itatuwan roba na cikin tukwane. Ya kafa sanduna ya shimfiɗa koriyar raga a kai. Tarin bulo da duwatsu ya sa aka yi musu koren fenti, har da tsohuwar tifar da ta mutu. Na ɗauki ƙafata na je kallo, don irin wannan ba a bari a ba ka labari. Wallahi wurin ya yi kyau. Awaki suka zo da gudu, suka shinshina, suka dubi juna, suka koma.

Laraba ta zo da hadari. Tun safe gajimare ya rufe sama ruf. Mai Bulo ya kira Shirwa a waya yana haki.

"Ya ɗauka?"

"Gajimare ya ɗauka, Yaya. Sai ya dawo."

"Dawowa yake yi?"

"Kullum cikin dawowa yake."

Haka ya zauna gadin dajin roba. Iska ta kwashe raga ta rataye a wayar lantarki, ya hau ya sauko da ita. Masu kaya suna ta sintiri suna neman abinsu. Ruwa ya wanke fenti, ya sake shafawa. Da sama ta washe, tauraro ya wuce abinsa ba sallama.

Aka tara masu haƙar yashi a zauren hukuma. Na sa mayafina mai kyau na bi Shirwa, muka zauna can baya kusa da ƙofa. Mai Tabarau ya haska hoton bakin rafi a bango. Filayen maƙwabta, waɗanda suka yi dashen gaske, sun fara yin ja-ja, wani ya fi wani. A tsakiyarsu ga na Mai Bulo, fari-fari, ko ɗigon ja babu.

Kafin a ce komai ya miƙe, ya gyara riga. "Alhamdu lillahi, ga shi kowa ya gani da idonsa. Duk nasu ya ƙone ja wur. Nawa kaɗai ya tsira."

Mai Tabarau ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ranka ya daɗe, jan shi ne ganye mai rai."

"Ya isa, na..."

"Ba ka gane ba, zauna." Ya sauya hoto. "Wannan kuma na zafin ƙasa ne. Filinka ya fi kwaltar tashar mota zafi. Me ka shimfiɗa a wurin?"

Wani daga gefe ya ce, "Kayan adon zaure ne, har yanzu masu su na nemansa." Dariya ta ɓarke, har mai share zauren sai da ta jingina da tsintsiya.

A aikinsu, duk filin da ake shari'arsa sai an ɗora tsohon hotonsa kusa da sabo. Ƙa'ida ce, Shirwa ta san da ita tun ranar da ta miƙa aikin. Mai Tabarau ya haska na shekarun baya. Ga wurin nan ja har ya yi duhu, ya fi ko'ina a bakin rafin. Ya ɗan tsaya yana kallo, ya ce, "Wanda ya dasa wannan ya san abin da yake yi. Na wane ne?"

Dariyar ta mutu. Mai Bulo ya juyo yana laluben fuskoki har ya same mu.

"Ke! Kin sani!"

"Na fara gaya maka, Yaya."

"To me ya hana ki ƙarasa?"

"Ka ce ka gane."

Na daɗe a duniya, na ga an rama da mari, na ga an rama da kotu, amma ban taɓa ganin an yanka mutum da wuƙarsa a cikin ladabi irin wannan ba. Ko gira ba ta ɗaga ba.

Aka soke izinin haƙarsa. Filin kuma aka ce zai ci gaba da zama a hannunsa muddin ya dasa itatuwa kuma suka rayu. In sun mutu, a karɓe. Da yashi ya tsaya, yaransa suka watse, tifofi suka koma wajen wasu. Yanzu in ka bi ta bakin rafi da sassafe za ka ga wani mai ragowar tumbi yana hawowa daga ruwa da bokiti biyu, ta hanyar da uwarsa ta bi shekara da shekaru. Mangwaro ya dasa, don shi aka ce ƙasar ta fi karɓa.

Kwanan baya na je gidanta, na ce, "Ke 'yar nan, zuciyar ta huce haka nan? Mutum ya zube kamar an sace masa iska."

"Sai wurin ya yi ja irin na Inna."

"Mangwaro fa ba a shekara biyu yake girma ba. Kafin nan ni ina ƙasa."

"Ai ba sauri nake ba, Gwaggo."

Ranar sabon hoto ya sauka. Ta ɗauki waya ta kira shi, ta sa a lasifika don in ji.

"Yaya, ina wuni. Ya ƙoƙari? Kusurwar rafi ta fara dushewa, layin da ke kusa da famfo. Ina jin ruwa bai ishe su ba."

Na kasa kunne ina jiran kalmar tasa. Numfashinsa kawai ake ji.

Can ya ce, "Ina jin ki. Sai kuma ina?"

Ta gyara zama, ta jawo allon kusa, ta fara daga farkon fili.